Ra'ayinmu: Kowace waya da iyakar kayan da za ta iya ɗauka

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai maƙura a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuran ya kan zama jarin mutane da yawa. Mai sayar da ƙanƙara da zoɓo tana da firigo, tela yana da dutsen guga, mai shago yana da fanka da talabijin da wurin cajin salula. Abin da ke damun mu shi ne, a gidaje da rumfuna da dama, duk waɗannan kaya a waya guda suke rataye, ana ta ƙara piriz a kan piriz.

Ba mu manta ba, babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka sake buɗe ta. Ƙaramar kasuwa ita ma ta ƙone a 2012. Gobara tana da mafari iri-iri, amma wanda ke hannunmu mu toshe shi ne na wayar da aka yi wa kaya fiye da ƙarfinta.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Kuran da NIGELEC ke ba gidajenmu bolt 220 ne. Doguwar waya mai baki huɗu ko biyar da aka rubuta wa amper 10 ba ta wuce wat 2200. Dutsen guga kaɗai yana cin wat 1000 ko fiye, butar lantarki kuma tana iya kai wat 2000. Idan aka haɗa biyun, an riga an wuce iyaka tun ba a sa firigo ba. Wayar za ta yi zafi, robar jikinta ta narke, kusa da atamfa ko kwali.

Wani zai ce ai akwai dijankitar kusa da kontar, wanda ke faɗuwa da kansa. Gaskiya ne, amma shi jimillar kuran gidan duka yake aunawa. Idan an saita shi a amper 30, siririyar waya za ta iya cin wuta shi kuwa yana tsaye.

Maganin shi ne a raba layi. Ƙwararren mai aikin lantarki zai kafa ƙaramin akwati bayan kontar, kowane layi da nasa dijankitar daidai da kaurin wayarsa. Fitilu su hau waya mai milimita murabba'i 1,5 da dijankitar amper 10. Piriz su hau waya mai 2,5 da amper 16. Firigo da injin ƙanƙara a ba su layinsu, na'urar sanyaya ɗaki ma haka. A ƙara da makunnin tsaro mai miliamper 30, wanda ke yanke kuran idan ya fara bin jikin mutum, musamman inda ake aiki da ruwa.

Ribar ba ta tsaya ga kare gobara ba. Idan dutsen guga ya lalace, layinsa kaɗai zai faɗi, ƙanƙarar uwargida ba za ta narke ba. Sai dai a sani, raba layi ba ya ƙara ƙarfin da aka yi yarjejeniya a kansa da kamfani. Wanda kayansa suka ƙaru, ya je ya nemi ƙari ta hanyar da ta dace.

Muna jan kunne a kan abu uku. Dijankitar da ke yawan faɗuwa gargaɗi yake yi, kada a musanya shi da babba alhali wayar tana nan siririya. Kada a ɗaura zaren tagulla a madadin fizibil da ya ƙone. Kuma idan aka ɗauke kuran, a kashe dutsen guga da risho na lantarki kafin a rufe shago, domin ya kan dawo cikin dare ba kowa a wurin.

Mun san akwai maganar kuɗi. To amma a auna kuɗin akwati da ladan mai aiki da jarin da ke cikin shago, da na maƙwabci, tun da wuta ba ta tambayar rumfar wa ce. Araha ba ta ado. Masu sayar da kayan lantarki su ji tsoron Allah, su daina sayar da wayar da ba ta kai kaurin da aka rubuta a jikinta ba.

Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da ma'aikatun magajin gari su haɗa kai da NIGELEC da ƴan kwana-kwana, a zaga rumfa rumfa a duba wayoyi kafin zafi ya kama. Ƙungiyoyin mata masu adashi kuma za su iya ware zubi guda domin wannan gyara. Allah ya tsare mu, mu ma mu tsare abin da ya ba mu.