Da Rarrafe Yaro Kan Tashi

Makon jiya na kai ziyara gidan ƙanwata a Yakasai, na tarar musu ya kaure tsakaninta da surukarta. Maigidan ne ya sayo wa ɗansu mai wata huɗu kujerar wasa ta zamani, irin wadda ake zura yaro a tsakiyarta, ga kacau-kacau da madubi kewaye da shi, amma ba ta da taya. Uwar na ɗokin sa shi a ciki don ta samu sararin girki, Hajiya kuwa ta kafe a kan cewa wuyansa bai tsaya ba. "Yaya, ke ce 'yar boko, raba mana gardama," in ji ƙanwar tawa. Na ɗaga yaron, na ga kansa yana rangaji, sai na bi bayan Hajiya.

Ya kamata mai karatu ya bambance wannan kujera da keken koyon tafiya mai tayoyi. Shi keken, ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun shekarar 2004, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta daɗe tana kiran a hana shi, saboda yaran da ke faɗowa daga matakala ko su kai hannu ga abu mai zafi. Mu nan cikin birni, duk wanda ya san tsakar gidajenmu ya san kurfoti a ƙasa yake, tukunyar ruwan zafi na gefensa, ga dokin ƙofa, wani gidan har da rijiya. Kujerar da ba ta motsi ta fi aminci nesa ba kusa ba. Sai dai ita ma tana da lokacinta.

Lokacin nan jikin yaro ke faɗarsa. Na farko, ya iya riƙe kansa sosai ba tare da ya langaɓe ba. Na biyu, ya fara zama da kansa ko da ɗan tallafi kaɗan. Na uku, idan an sa shi, tafin ƙafarsa ya taka ƙasa gaba ɗaya, kada ya zama yana ɗage a kan yatsu ko yana reto. Galibin yara kan kai wannan matsayi wajen wata shida. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da Ghana, ya nuna lafiyayyun yara na fara zama da kansu tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, tafiya kuwa tsakanin wata 8 zuwa kusan wata 18. Don haka ɗan maƙwabta ba ma'auni ba ne. Bakwaini kuma ana yi masa lissafi ne daga ranar da ya kamata a haife shi.

Ko da yaro ya isa, minti 15 zuwa 20 sun wadatar a zama guda, kuma babba na kusa. Dalili shi ne kujerar ce ke ɗauke masa nauyin da ya kamata bayansa da cikinsa su koyi ɗauka. Ƙarfin gaɓoɓi a kan tabarma yake samuwa, inda ake kifa shi yana farke ana kallonsa, ya juya, ya ja ciki, ya yi rarrafe. Ranar da ya fara tafiya ko yunƙurin haurowa, a ɗauke kujerar. Wanda ya sayo ta gwanjo ya duba tsagewa da ƙananan abubuwan da yaro zai iya ɓallewa ya haɗiye. Idan kuwa yaro ya cika wata tara bai zauna ba, a kai shi asibiti, ga Asibitin Yara na Hasiya Bayero nan kusa da mu.

Na san wahalar uwa mai goyo a gidan yawa, ga girki, ga wanki, ba mataimaki. Ba laifinta ba ne don ta nemi inda za ta ajiye ɗa. Hakkin maigida da dangi ne su karɓe shi na ɗan lokaci. A ƙarshe dai an ɗora kujerar a kan sif, Hajiya ta shimfiɗa tabarma ta karɓi jikanta, aka yi alkawarin sake dubawa bayan wata biyu.

Allah ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.