Likitan da Bai Runtsa Ba

Sau biyu a shekara wani irin shiru yakan sauka a ɗakunan hutun likitoci na asibitocinmu. Hira ta ɗauke, idanu su yi ja, ɓawon goro da gwangwanayen lemon ƙara kuzari su cika kwandon shara. Duk wanda ya san gidan ya san dalili: saura mako guda a zauna jarrabawar da likitoci ke kira firamare, ƙofar shiga horon ƙwarewa a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko takwarorinta biyu na Afirka ta Yamma. Wanda ya haye ya sami damar neman gurbin zama ƙwararre. Wanda ya faɗi ya sake haɗa kuɗin rajista, ya jira zagaye na gaba.

A cikin wannan mako ne ake raya wata al'ada da na zo in ƙalubalanta, wato ɗaukar rashin barci a matsayin shaidar himma. Za ka ji matashin likita yana cewa kwana uku ke nan bai runtsa ba, yana faɗa da irin muryar da mayaƙi ke nuna tabon mashi. Na gaba da shi su jinjina masa, su ce haka ake zama likita. Ni kuwa na ce wannan ta'ada cuta ce da muka yi wa ado, kuma wanda ke biyan kuɗinta bai ma san ana jarrabawa ba.

Na san abin da nake faɗa, domin na taɓa zama wannan matashi. Saura kwana huɗu jarrabawata, sunana yana kan jadawalin aikin kwana a sashen gaggawa na yara na wani asibiti. Daren da ya gabata na raba shi tsakanin ilimin ƙirar jiki da tarin tambayoyin shekarun baya da ke yawo a WhatsApp. Wajen ƙarfe uku na dare aka kawo yaro mai nauyin kilo 12, zazzaɓin cizon sauro ya yi masa mugun kamu, yana ta jijjiga. Allurar atesunet ga yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ce a kowane kilo, ke nan 36. Lissafin da ɗan aji huɗu zai yi. Na rubuta 360. Wata dattijuwar malamar jinya ta karɓi takardar, ta dube ta, ta dube ni, sannan ta matso kusa yadda uwar yaron ba za ta ji ba, ta ce, “Likita, a ɗan sake duba mana wannan.” Na ce, “Sista, Allah ya saka miki da alheri.” Na goge sifirin, hannuna yana rawa. Har yau nakan tambayi kaina abin da zai faru da a ce ita ma tana da jarrabawa a makon nan.

Kada a ce sakacin mutum ɗaya ne. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Dawson da Reid, sun wallafa a mujallar Nature cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin fahimtarsa da daidaiton hannunsa sukan ragu kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, matakin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi. Idan ya kai awa 24, abin ya ninka. A yi tunanin wannan da kyau. Likitan da ko warin giya bai taɓa shaƙa ba, mai tashi sallar asuba a kan lokaci, muna tura shi gadon majinyaci a halin da, da direba ne, jami'in kiyaye haɗurra zai sauke shi daga mota. Kuma muna kiran hakan jajircewa.

Abin takaicin shi ne, ko jarrabawar ma wannan azaba ba ta yi mata amfani. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka cusa wa ƙwaƙwalwa a zama ɗaya da sauri yake zubewa, wanda aka riƙa maimaitawa da tazara shi ke zama. Mu da kanmu mun karanta a ilimin aikin gaɓɓai cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kwashe abin da aka koya da rana ta adana shi. Mun haddace wannan don mu amsa tambaya a kansa, sannan muka hana kanmu barci don mu haddace shi! Magabata sun riga sun gama magana da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ilimin magunguna da na cututtuka da ba a sha ba cikin wata shida, ba za a kwankwaɗe shi cikin dare shida ba. Aikin makon ƙarshe bita ce: mutum ya gwada kansa da tambayoyi a kan agogo, ya gano inda yake tuntuɓe, ya ɗinke ɓarakar, ya kwanta da wuri.

To amma zalunci ne a tsaya kan ɗalibin. Ina ya ga wata shidan? Da rana yana ɗakin duba marasa lafiya, layi har bakin ƙofa, da dare yana kwanan aiki. Idan ya tashi neman hutun mako guda, amsar da ya fi samu daga manya ita ce, “Mu ma haka muka sha.” Wannan jumla ta fi kowace ɓata mini rai. Wahalar da ka sha ba gado ba ce da za a raba wa na baya, kuma tsirar da ka yi ba ta tabbatar da cewa duk majinyatan da ka duba a wancan makon sun tsira tare da kai. Ba wanda ya ƙirga su.

Wasu ƙasashen sai da aka yi rashi suka farka. A 1984 wata budurwa mai shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a birnin New York a hannun ƙananan likitoci masu dogon aiki. Mahaifinta, ɗan jarida, ya ƙi bari a binne maganar tare da ita. A 1989 jihar ta ƙayyade aikin likitoci masu neman ƙwarewa zuwa awa 80 a mako, a 2003 ƙa'idar ta game Amurka. Tarayyar Turai ta sauko har zuwa awa 48. Mu kuwa kamar muna jiran tamu gawar ne, alhali idan ta zo ma za mu ce kwana ne ya ƙare, mu yi wa iyaye ta'aziyya, mu koma kan jadawalinmu.

Za a ce likitoci sun yi ƙaranci, da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, wa zai riƙe ɗakin idan aka saki masu jarrabawa? Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ranar jarrabawa ba mutuwar fuju'a ba ce. Kwalejojin suna sanar da ita watanni kafin ta zo. Shugaban sashe ya san su wa suka yi rajista. Abin da ake buƙata biro ne da takarda: a cire mai jarrabawa daga aikin kwana a kwanaki bakwai na ƙarshe, ya rama wa abokan aikinsa bayan ya dawo. Ba sai an yi kasafin kuɗi ba, ba sai majalisa ta zauna ba. Kuma idan sashe ya yi ƙarancin da ko wannan musanya ba za ta yiwu ba, to a fito a gaya wa jama'a, a daina rufe giɓin da idon yaron da ke gyangyaɗi a kan takardar magani.

Na ci jarrabawar, idan akwai mai son sani. Ba ko ɗaya daga abin da na karanta a daren nan da ya fito. Yaron ya farfaɗo a rana ta uku, uwarsa ta kawo mini ƙwai shida a leda tana ta sa mini albarka. Na kai wa Sista su.