Waken da Turawa Suka Ƙi, Mu Muke Cinye Shi

Yau sai mai karatu ya yi mini afuwa, ba labarin soyayya na zo da shi ba, maganar wake ce.

Da kaka na je ganin dangi a ƙasar Tudun Wada, na tarar da wani yayana a ƙofar gida ya baza wake a tabarma, ya rufe hanci da gefen rawani, yana yayyafa masa fiya-fiya kafin ya ɗura a buhu. Warin kaɗai sai da ya sa idona hawaye. Na ce, "Haba Yaya, wannan fa abinci ne." Ya harare ni ya ce, "Kai ɗan boko, in ban zuba ba ƙwaro zai mayar mini da shi gari kafin bazara. Kai za ka biya ni?" Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Amma ban daina tunanin maganar ba.

Wannan yayyafi da muka ɗauka ba komai ba ne, shi ya rufe mana kasuwa guda. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda sinadarin dichlorvos, wato uwar fiya-fiya, da aka yi ta samu a cikinsa fiye da ƙima. Haramcin na ɗan lokaci ne da farko, sai aka yi ta ƙara masa wa'adi. To waken da suka ƙi ina ya tafi? Cikin ƙosanmu da alalarmu da ɗan waken 'ya'yanmu. Allah ya kyauta.

Masana suna da wani fanni da suke kira koren ilmin sinadarai. Wasu Amurkawa biyu, Paul Anastas da John Warner, suka jera masa ƙa'idoji 12 a littafinsu na 1998, kuma ta farko ba ta wuce abin da Bahaushe ya daɗe da sani ba, cewa rigakafi ya fi magani. Masu masana'antu sun karɓe shi ne don sun yi lissafi: gubar da ba ka zuba ba, ba za ka saye ta ba, ba kuwa za a dawo maka da kaya saboda ita ba.

Misalinsa yana nan a kasuwanninmu. Buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A busar da wake sosai, a ɗura, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki shi da kansa zai shaƙe 'yar iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu. Ba ɗigon magani. In ɓera bai huda shi ba, har baɗi ana amfani da shi. Abin daɗin ma, kamfanin Lela Agro ya ƙera shi a nan Kano, ba sai an jira jirgin ruwa ba.

Na san abin da Yaya zai ce: buhun ya fi na gargajiya tsada, ga jabu. Haka ne. Sai dai ni ba a nan na ga matsalar ba. Matsalar ita ce manomin Doguwa ko Kiru da ya adana wakensa da tsabta, in ya kai kasuwa, kuɗi ɗaya dillali zai ba shi da wanda ya jiƙa nasa da guba. Wa zai wahalar da kansa a haka? Shi ya sa nake ganin gyaran daga manyan 'yan kasuwar Dawanau zai fara. Su ne ke son kasuwar waje, su ya kamata su ware waken da ba magani, su ɗora masa ko ɗan ƙari ne a kan buhu, su kuma gaya wa dillalansu na Kwanar Ɗangora da Bebeji cewa irinsa suke nema.

Ni dai na sayi buhu biyar na aika wa Yaya. Ya aiko cewa zai gwada biyu, sauran ukun kuma sai ya ga yadda biyun suka kai bazara.