Sun karɓi jininsu, sun kuma riƙe takardunsu

Ran nan ina tsakiyar shiri wata dattijuwa ta bugo waya daga Djougou. Ta ce, "Ɗana, babana ya yi wa Faransa yaƙi, ya dawo da harsashi a cinya. Jikokina sun tambaye ni inda ya yi yaƙin, na rasa amsa. Littafinsa na soja gara ta cinye." Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, za mu bincika." Daga wannan bincike ne raina ya ɓaci.

Takardun mutanen nan suna nan, ba su salwanta ba. Suna Faransa. Fayil ɗin sojoji da yawa yana ma'ajiyar birnin Pau, wasu a Vincennes, na waɗanda suka mutu ko aka kama su fursuna a Caen. Tsohuwar da ke Zongon Parakou, wadda ba ta jin Faransanci, yaya za ta yi ta kai can? Da wace biza?

Za a ce mini akwai shafin intanet na Mémoire des hommes. Na shiga. Amma wane suna za ka rubuta? Magatakardan bariki yakan rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Sunan uba ya rikiɗe, wani a liƙa masa sunan garinsu, shekarar haihuwa kuwa kintace. Gaba ɗayansu ma "tirailleurs sénégalais" aka kira su, ko da mutum ɗan Dahomey ne bai taɓa ganin Senegal ba.

Kada a manta yadda aka ɗebe su. A 1916 Bio Guéra ya yi tawaye a Borgu, Kaba ya yi nasa a duwatsun Atacora, kuma ɗibar soja ta dole na cikin abin da ya tunzura su. Wanda aka ɗauka da ƙarfi, ai ko ba komai a bar wa zuriyarsa shaidar inda aka kai shi.

Takarda kuwa kuɗi ce, kuma hujja ce. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, ba a daidaita shi sosai ba sai 2011, bayan yawancinsu sun kwanta dama. A Thiaroye, ranar 1 ga Disamba 1944, an bindige sojojinmu don sun nemi haƙƙinsu. Rahoton soja ya ce mutum 35, masana tarihi na cewa sun fi haka nesa ba kusa ba. Sai a 2024 Macron ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Wanda ya riƙe takarda shi ke ƙirga gawa.

Buƙatata ba ta da yawa. Gwamnatinmu ta nemi kwafin fayil ɗin kowane sojan Dahomey, a ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Porto-Novo, a kuma kawo shi Parakou da Djougou inda iyalan suke, a nemo shi da sunan gari da na unguwa.

Mu ma da namu laifin. Littattafan soja nawa ke ƙarƙashin adaka, ruwa da gara na ci? Yau ka buɗe akwatin kaka. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, musamman lambar soja, domin ita ce ba ta rikiɗa a bakin Bature. Ka kuma zauna da tsohuwar gidanku ka naɗi muryarta tun tana iya faɗa maka sunansa na gaskiya.