A Fara Maƙala Wa Tukunyar Iska Na'ura Kafin A Ɗaura Wa Majinyaci

Duk matashin da ya taɓa raka maras lafiya daga ƙauyukan Tsanyawa, ya bi hanyar Bichi da tsakar dare zuwa birnin Kano, ya san wannan tashin hankali. Likita ya ce a sa wa majinyaci iska, sai aka nemi tukunyar iskar aka rasa. Ba sace ta aka yi ba, wani ne ya gungura ta wani ɗaki tun da rana bai gaya wa kowa ba. Ma'aikaciyar jinya tana bi ɗaki-ɗaki, ɗan jinya yana biye da ita, bawan Allah kuwa numfashi yana sarƙe masa.

To, wannan ɓata lokacin ne manyan asibitoci a Amurka da Turai suke magancewa da 'yar na'ura kamar kwalin ashana, wadda ake maƙala wa gado ko injin numfashi. Tana aika sigina ta rediyo ko Bluetooth zuwa wasu na'urori a jikin bango, kwamfuta kuma ta nuna ɗakin da kayan yake. Akwai wadda ake ɗaura wa jariri a ƙafa, in aka nufi ƙofa da shi ƙararrawa ta tashi. GPS ɗin waya ba ya wannan aikin, domin siginar tauraron ɗan Adam tana raunana a ƙarƙashin rufin kankare.

Bin sawu da na'ura ba baƙon abu ba ne a Kano. A lokacin yaƙi da shan inna, kafin a ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali a 2020, an riƙa ba masu rigakafi wayoyi masu GPS don a ga unguwannin da suka shiga da waɗanda suka tsallake. Abin lura shi ne, ma'aikaci aka bibiya, ba yaron da aka ɗiga wa magani ba. Kuma kowa ya tuna yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin a jihar daga 2003 zuwa 2004.

Saboda haka in har wannan fasaha za ta shigo, a fara da kaya. Tukunyar iska ba ta da sirri, ba ta da mutuncin da za a keta. Amma matar da aka kwantar a ɗakin haihuwa fa? Wa zai ga duk motsinta, har sau nawa ta zaga? Ina bayanan za su tafi bayan an sallame ta? Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, amma manomin da aka miƙa wa takardar Turanci ya dangwala hannu alhali matarsa tana naƙuda, shin ya amince ko dai an ƙure shi ne?

Kada kuma 'yan kwangila su ruɗi jama'a cewa abin ba shi da illa. Wani gwaji da aka yi a Amsterdam, aka buga a 2008, ya nuna siginar irin waɗannan na'urori tana iya rikita wasu injinan ɗakin masu tsananin ciwo in an kusanto da su. Ga batun wutar lantarki, wanda ba sai an tsaya bayani ba.

A ƙaramin asibiti mai ɗakuna biyar ko shida, lamba da fenti a jikin kowace tukunya, da littafi guda da mai karɓar aiki zai sa hannu safe da yamma, sun wadatar. Wannan bai fi ƙarfin 'yan uwa matasa ba. Kowace mazaɓa ya kamata tana da kwamitin da ke sa ido a kan asibitinta, kuma ɗan gari yana da damar zuwa zamansu ya tambaya: tukwane nawa aka kawo, nawa ke da iska a yau, wa ke riƙe da makullin ɗakin da suke da daddare?