Baƙo Daga Sama: Kada Tsoro Ya Riga Tambaya

Makon nan bari mu ɗan ajiye zancen girki da raino, mu ɗaga kai sama. Wataƙila labari ya iso muku a waya, wai jirgin halittun wata duniya ya shigo kusa da mu. To, ga yadda abin yake.

Ran 19 ga Oktoba 2017, wani masani mai suna Robert Weryk ya hango wani abu da madubin hangen taurari a Hawai ta Amurka. Gudunsa ya yi yawa har ƙarfin jan rana ba zai iya riƙe shi ba. Da haka aka gane baƙo ne daga wajen taurari masu nisa, kuma irinsa na farko da aka taɓa gani. Aka raɗa masa suna Oumuamua, wato ɗan aike daga nesa. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, da zai wuce sai ya ƙara sauri kaɗan, alhali ba a ga wutsiya a jikinsa ba.

A 2018 Farfesa Avi Loeb na Jami'ar Harvard ya ce mai yiwuwa ƙirar wasu halittu ne, wani falle siriri da hasken rana ke turawa. Amma tun a Disamba 2017 an kasa masa kunne da babbar na'urar sauraro ta Green Bank, ba a ji komai ba. A 2023 wata masaniya, Jennifer Bergner, da abokin aikinta suka kawo bayani mai sauƙi: wataƙila iskar haidurojin ce ke fita daga ƙanƙarar jikinsa in rana ta gasa shi, ita ke ingiza shi.

Ran 1 ga Yuli 2025 aka ga baƙo na uku daga ƙasar Chile, aka kira shi 3I/ATLAS. Loeb ya sake tada zancen. Hukumar NASA ta ce tauraro mai wutsiya ne, domin an ga ƙura da iska suna fita daga jikinsa. Ko da ya fi kusantarmu, a Disamba 2025, tsakaninmu ya kai kilomita miliyan 270.

Ni a ganina tambayar farfesan ba laifi ba ce, mai tambaya ba ya ɓata. Laifin yana wurin wanda ya karɓi “mai yiwuwa” ya kai wa maƙwabta a matsayin “tabbas”. Rashin sanin abu ba ya zama shaidar cewa wasu ne suka ƙera shi. Ke uwargida, in kin ji motsi a madafa da dare, ai fitila kike ɗauka ki duba, ba kururuwa kike fara yi ba. Sau da yawa kyanwa ce.

Ke kuma 'yar makaranta, ga abin koyi. A 1967 wata ɗaliba mai shekara 24 a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Jocelyn Bell, ta ga wata alama tana zuwa daga sama kusan kowace daƙiƙa ɗaya da sulusi, ba fashi. Har an yi raha cewa wasu halittu ne ke aiko da saƙo. Ba ta ruga da labari ba, ta ci gaba da duba takardunta har ta sami irin alamar daga wani ɓangaren sama dabam. Ashe wani irin tauraro ne mai juyawa da ba a san da shi ba. A 1974 malaminta ya sami kyautar Nobel, ba a sa sunanta ba. A 2018 aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, ta bayar duka don karatun ɗalibai.

Saboda haka iyaye mata, in 'yarku ta tambaye ku abin da ke sama, kada ku ce mata ta cika surutu. In ba ku sani ba, ku ce ta tambayo malaminta ta dawo ta gaya muku. Kada kuma tallar gyaɗa ta hana ta ajin lissafi da kimiyya. Kafin ku tura labari gaba, ku tambayi kanku: wa ya gani, da me ya gani, wa kuma ya sake dubawa?

Allah ya ƙara mana sani. Sai mako mai zuwa.