Ƙabilar da duk 'ya'yanta mugaye ne, a wace duniya take?



Duk wanda ya taɓa buga Clash of Clans a waya ya san Goblin. Ɗan koren halitta ne mai ɗan karen gudu, kana sakinsa a fagen daga ba ya kallon kowa, rumbun zinariya yake nufa. Dubu za ka horar, dubun nan halinsu ɗaya. A wasan waya wannan ba aibu ba ne, domin mai wasa na son ya gane amfanin kowane soja nan take. Aibun yana wurin marubucin da ya kwaso wannan tsari ya zuba a littafi mai shafi ɗari biyu.

Mu duba labaran yaƙi da almara da ake turowa a gyara. Ga ƙabilar baƙaƙen aljanu, dukkansu maciya amana. Ga ƙattin daji, dukkansu wawaye masu cin ɗanyen nama. Ga wadanni masu haƙar ƙasa, dukkansu marowata. Sunayen kuwa an yanko su daga finafinan Indiya da Dare Dubu da Ɗaya. Ba wanda ke noma a cikinsu, ba mai bin wani bashi, ba tsohuwar da ta ce wa sarki wannan yaƙin zalunci ne. An halicce su ne kawai don takobin jarumi ya sami abin sara. Mu kira abin da sunansa, lalaci ne.

Su kansu masu abin sun fara janye jiki. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons, wasan da gem ɗin almara da yawa na intanet suka ɗebo tsarinsu daga gare shi, ya bayyana cewa zai riƙa nuna jinsin Orc da Drow a matsayin al'ummu masu nagari da mugu, masu al'adu iri-iri kamar kowa. Mu kuma sai yanzu muke ɗaukar abin da suka ajiye.

Za a ce ai nishaɗi ne, ƙirƙira ce, me ya yi zafi? Wanda ke zaune a Anka ko Gummi ko Bukkuyum bai kamata ya yi wannan tambayar ba. Shekara nawa muna jin "ai duk halinsu ɗaya" a kasuwa da tasha, wannan na faɗa a kan Bafulatani, wancan na faɗa a kan Bahaushe manomi? Mun ga rugage da ƙauyukan da wannan magana ta mayar kufai. Ba mu ce littafi ne ya ɗauki bindiga ba. Amma yaro ɗan shekara 14 da ya karanta labari goma, kowanne na koya masa cewa akwai jinsin da mugunta ke cikin jininsa kuma kashe shi jarumta ce, me muka shuka masa?

Wasu sun gane matsalar sai suka kawo maganin da bai kai ba. A naɗa wa dodon rawani, a rataya masa kalangu, a sa masa suna Tanko, shi ke nan wai an saka al'ada. Dodon nan dai na Turawa ne, kaya kawai ya canja. Al'umma tana zama al'umma ne idan mai karatu ya san abin da take ci, wa ke gadon wa, me ke kawo mata kuɗi, me ke kashe ta, kuma a kan me 'ya'yanta ke saɓani.

Ɗauki masu haƙar ƙasa. A gem, wada na haƙa zinariya yana tara ta, labari ya ƙare. A Bagega da Dareta da Abare na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, mun san yadda labarin yake ci gaba. Ana kawo dutsen cikin gida, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, alhali dutsen cike yake da dalma. A 2010 abin ya fito fili, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo, yara sama da 400 suka rasu. Kuma ba a daina haƙa ba, saboda abin da rami ke bayarwa gona ba ta bayarwa. Yanzu ƙirƙiri al'ummar aljanu ko wadanni da arzikinta shi ne ajalin 'ya'yanta. Uba na son sauka rami, uwa ta binne biyu, mai unguwa na ɓoye gawa kada a rufe ramin, dillali daga nesa na jira da ma'auni. Wa zai iya cewa waɗannan duk halinsu ɗaya?

Tarihi ma haka. Gobirawa sun shigo ƙasar Zamfara a matsayin baƙi, aka ba su wurin zama, sannan a ƙarni na 18 ƙarƙashin Babari suka ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birninsu. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya tabbata a Anka. Ko sunayen sarautunmu labari ne: Sarkin Zamfaran Anka, Sarkin Mafaran Gummi, Sarkin Dankon Bukkuyum. Marubucin da ya zauna da tsofaffi ya tambayi yadda Mafara ta zo Gummi zai tashi da abin da ya fi taswirar ƙarya goma.

Maƙwabtanmu Dakarkari na ƙasar Zuru suna da golmo, saurayi ya yi shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata. Muna da wasan taubasantaka, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, a zagi juna a yi dariya ba a zare wuƙa ba. Wane gem ne ya taɓa haɗa jinsi biyu da irin wannan alaƙa? Ko aljanun ma, Suratul Jinni ta nuna akwai salihai a cikinsu akwai waɗanda ba haka ba. Masu bori kuwa, ba kiran kowa muke ga aikinsu ba, sun tsara birnin Jangare gida-gida: ga Malam Alhaji, ga Ɗan Galadima mai almubazzaranci, ga Kuturu, ga Sarkin Rafi, ga Barhaza Bafulatana. Mutanen da ba su taɓa ganin kwamfuta ba sun fi mu iya gina duniya.

A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, wasan almara da aka gina kan al'adun Afirka. Ranar da wani matashi a Gusau ko Sakkwato zai zauna ya haɗa namu, littattafanmu zai buɗe ya nemi mutanen da zai zuba ciki. Saboda haka duk wanda zai kawo labarin almara a duba masa, ya zo da amsar tambaya biyu: a ƙabilar abokan gabar jaruminka, wa ya ƙi bin sarki zuwa yaƙi, kuma me suke ci idan damina ta ƙi?